Dakta Oluwole, Likitan Majalisar Gari Da Ya Horar Da Duba-Garin Najeriya

Duk wanda ya ba shekara sittin baya a ƙasar nan, ko a Kano ya tashi, ko a Ibadan, ko a Inugu, yana da labarin duba-gari a bakinsa, kuma labarin kusan iri ɗaya ne ko'ina. Da zarar yara sun hango mutumin cikin kakinsa ya karyo kwanar unguwa, sai gidaje su hargitse: a hau sharar tsakar gida, a kifar da ruwan da ya kwana a kasko, a rufe bakin randa da faifai, a barbaɗa toka a bakin masai. Yarabawa suna kiransa wole-wole, wato mai leƙa gida. Ba ya riƙe da bindiga ko kulki, amma takardar sammacin da ke aljihunsa ta isa ta gurfanar da maigida a gaban alƙali saboda 'yan tsutsotsin sauro da aka gani suna wutsil-wutsil a cikin tulu.

Akwai masu duba tsafta a Legas tun ƙarni na 19, sai dai yawancinsu 'yan rakiya ne da tafintocin jami'an Turawa, ba su da wani horo na a-zo-a-gani. Mutumin da ya mai da aikin sana'a mai makaranta da jarrabawa da takardar shaida shi ne Dakta Isaac Ladipo Oluwole, wanda ya rayu daga 1892 zuwa 1953, wanda kuma likitoci suke kira uban kiwon lafiyar jama'a a Najeriya. Sunansa da laƙabin ma'aikatan nasa sun yi kama a kunne, ko da yake asalinsu daban ne: Oluwole a Yarabanci yana nufin Ubangiji ya shigo gida.

Bai taɓa zama minista ba, bai kuma shugabanci ma'aikatar lafiya ta ƙasa ba. Ma'aikacin Majalisar Garin Legas ne, wato abin da a tsarin yau za a kira ƙaramar hukuma. Ga waɗanda suke zaune a Sakatariyar Tarayya suna tsara manufofin lafiya da kasafinsu, wannan ne wurin da ya fi cancantar a tsaya a tarihin mutumin.

Ɗan bishop a Glasgow

Gidan da ya fito gida ne na ilimi. Mahaifinsa, wanda shi ma sunansa Isaac Oluwole, ya yi karatu a Kwalejin Fourah Bay ta Saliyo, ya shugabanci makarantar sakandare ta mishan ɗin CMS a Legas, sa'an nan a 1893 aka naɗa shi mataimakin bishop na cocin Angilika. Lokacin da gwamnatin mulkin mallaka ta buɗe makarantar da ake kira King's College a watan Satumba na 1909, Ladipo yana cikin ɗaliban farko, shi ne kuma ya fara riƙe muƙamin shugaban ɗalibai. A cikin abokan karatunsa akwai James Churchill Vaughan. Su biyun suka tafi Jami'ar Glasgow a ƙasar Sikotlan a 1913 don karatun likita, suka sha tsokana da sunayen izgili saboda launin fatarsu, suka kuma kammala a 1918.

Yana da kyau a ɗan tsaya a kan Glasgow, domin gari ne da ya koyi kiwon lafiyar jama'a ta hanyar wuya. Masana'antu da tashar jiragen ruwa sun tara talakawa a wasu unguwanni masu cunkoson da ba a cika samun irinsa a Turai ba, kwalara da zazzaɓi suka riƙa yi musu ɗauki ɗai-ɗai. Hukumar garin ce ta tashi tsaye. A 1859 ta jawo ruwan sha daga tafkin Katrine mai nisa, kuma da kwalara ta dawo a 1866 ba ta yi irin ɓarnar da ta saba ba. Ta kuma ɓullo da wani tsari mai tsanani: a auna girman ɗaki, a manna ɗan ƙarfe a ƙofa mai nuna adadin mutanen da aka yarda su kwana a ciki, sa'an nan masu duba tsafta su ƙwanƙwasa ƙofa da tsakar dare su ƙirga kawuna. A 1900 ma annobar da ɓeraye ke yaɗawa ta ɓulla a garin, ta kashe mutum 16 kafin a daƙile ta. Ɗalibin likita a Glasgow ta wancan zamani yana ganin duka fuskoki biyu na wannan aiki, mai ceton rai da mai kutsawa cikin sirrin talaka, kuma wanda ya bi ayyukan Oluwole daga baya zai ga fuskokin nan biyu a Legas.

Da ya dawo gida sai ya tarar da ƙofar da ta dace da shi a rufe. Tun 1902 aka kafa rukunin likitocin gwamnati na Afirka ta Yamma, aka kuma rubuta a ƙa'ida cewa sai wanda iyayensa Turawa ne zai shiga. Likita ɗan ƙasa, komai digirinsa, sai dai ya karɓi ƙaramin matsayi da ƙaramin albashi, ko ya buɗe nasa asibitin. Tun kafin wannan ƙa'ida ma Dakta John Randle ya yi ƙorafin cewa albashinsa kusan rabin na takwaransa Bature ne, ya kuma ƙare da barin aikin gwamnati. Oluwole ya tafi Abeokuta ya yi 'yan shekaru yana duba marasa lafiya da kansa. Daga nan ya yi abin da ba kasafai likita mai ciniki yake yi ba: ya rufe, ya koma Glasgow ya yi difloma ta kiwon lafiyar jama'a, fannin da babu kuɗi a cikinsa, babu kuma majiyyacin da zai zo ya yi godiya, tunda wanda aka tsare wa cuta bai ma san an yi masa wani abu ba. A 1925 Majalisar Garin Legas ta ɗauke shi mataimakin babban jami'in lafiya na gari, ɗan Afirka na farko a wannan kujera.

Shekarun annoba

Ya kama aiki gari yana cikin tashin hankali. A tsakiyar 1924 annobar kaluluwa ta shiga Legas. Cuta ce da ta riga ta zagaya tashoshin jiragen ruwa na duniya tun bayan ɓullarta a Hong Kong a 1894, ta taɓa Akra a 1908, ta taɓa Dakar a 1914. A shekarar 1924 ɗin ta ɓarke a Kumasi, kuma masana tarihi suna danganta isowarta Legas da hanyar fataucin goro, wadda a lokacin ta bar tudu ta koma teku: a ɗauko huhunan goro daga ƙasar Asante zuwa gaɓa, a loda a jirgin ruwa zuwa Ikko, kamar yadda fatake suke kiran Legas, daga nan jirgin ƙasa ya haura da su Kano. Ke nan abin da ya kuɓuce a tashar jiragen ruwan Legas yana iya kwana a kasuwar Kurmi cikin 'yan kwanaki.

Yadda cutar take tafiya shi ya tsara yadda ake yaƙarta. Ƙwayar tana zaune a jinin ɓera. Ƙuma ta ciji ɓera ta ɗauka; idan ɓeran ya mutu, jikinsa ya yi sanyi, sai ƙumar ta nemi wani jiki mai ɗumi, wanda sau da yawa na mutumin da ke kwance a ɗakin ne. Shi ya sa mutuwar ɓeraye barkatai take riga mutuwar mutane. Wanda ya kamu sai zazzaɓi mai zafi ya rufe shi, kaluluwa ta kumbura a matsematsi ko hammata ko wuya, cikin 'yan kwanaki rai ya yi halinsa. Idan kuwa ta sauka a huhu, ba ta ƙara bukatar ƙuma, tari kaɗai ya isa ya kai ta ga na kusa. Maganin da ke kashe ƙwayar bai samu ba sai a shekarun 1940. Daga 1924 zuwa 1931 an rubuta mutum 1,947 da suka kamu a Legas, 1,813 daga cikinsu suka mutu, wato fiye da tara cikin kowane goma, a garin da jama'arsa ba su wuce dubu ɗari da 'yan kai ba. Ta kuma tsallaka zuwa lardunan Ijebu da Abeokuta.

Tunda babu magani, abin da ya rage shi ne tare hanya. Oluwole ya sake tsara aikin duba lafiya a tashar jiragen ruwa, inda ɓeraye suke sauka tare da kaya. Matakan da aka sani a lokacin ba su da wani ƙyalƙyali: duba fasinjoji da ma'aikatan jirgi, turara hayaƙin magani a cikin jirage da ɗakunan ajiya, sa faifan ƙarfe a igiyoyin da aka ɗaure jirgi don kada ɓera ya bi su ya sauko. A cikin gari kuma aka baza masu kama ɓeraye, ana kai gawarwakinsu ɗakin gwaji a tsaga a duba, domin ɓeran da aka samu da cutar a wata unguwa gargaɗi ne kafin a fara ɗaukar gawar mutum. Wannan katin shaidar rigakafi mai ruwan ɗorawa da ma'aikaci yake nema a ofishin lafiya na filin jirgin sama kafin tafiyar aiki ƙasar waje, daga zuriyar wannan aiki na bakin tasha ya fito.

Mafi wuyar al'amarin kuwa mutane ne. Iyalin da aka samu mai cutar a gidansu sun san abin da zai biyo baya: a ɗauke majiyyaci a killace shi, a tsare sauran 'yan gida, a fesa magani a kayansu, wani lokaci a yaye rufin ɗaki, a kuma tsaga gawa a duba kafin a ba da izinin binnewa. Saboda haka aka riƙa ɓoye marasa lafiya, ana fitar da su gari a asirce, abin da ya ƙara watsa cutar. A irin wannan hali ɗan gari mai jin Yarabanci, wanda aka san gidansu ake kuma ganin girman mahaifinsa, yana da abin da likita Bature ba shi da shi ko da ya fi shi matsayi. Yana iya zama da masu unguwa da shugabannin kasuwa ya yi bayani babu tafinta, ya kuma gane dalilin da ya sa tsohuwa ta gwammace ɗanta ya mutu a ɗakinta da a ɗauke shi zuwa inda ba za ta gan shi ba.

Ba za a ba da labarin nan da gaskiya ba idan aka tsallake rusau. Annobar ta fi ƙamari a unguwannin tsibirin Legas masu cunkoso irin su Oko Awo, kuma a 1928 gwamnati ta kafa hukumar raya birnin Legas da ikon rushe duk unguwar da aka ayyana a matsayin mara tsafta. Rushe-rushen ba aikin ofishin Oluwole ba ne kai tsaye, amma da hujjar lafiya aka yi su. An tanadi filaye a Yaba, sai dai da yawa daga waɗanda aka tasa ba su da halin gini a can, suka watsu zuwa bayan gari inda babu famfo, babu magudana, babu kuma ikon majalisa. Duk wannan kuwa a garin da aka keɓe Ikoyi ga Turawa da faffaɗan filaye, aka kuma riƙa jingine shirin gina magudanar bahaya ta ƙarƙashin ƙasa sau da dama da sunan tsada, har aka bar jama'a da bokitin da ake kwashewa da dare shekaru masu yawa bayan samun 'yancin kai. An ci tarar talaka saboda ƙazantar da rabinta gwamnati ce ta ƙi kashe kuɗin kawar da ita. Mazauna Abuja da suka ga yadda rushe-rushen shekarun 2000 suka tura jama'a Mararaba da Masaka da sauran garuruwan gefe ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan inda cunkoso yake komawa idan an kore shi daga tsakiyar birni.

Makarantar Yaba

Annoba takan wuce, a sallami ma'aikatan wucin gadi, a koma gidan jiya. Abin da ya raba Oluwole da sauran jami'an da suka yi fama da ita shi ne ya bar abin da zai ci gaba da aiki bayan tsoro ya kwanta. Ya kafa Makarantar Koyon Tsafta a Yaba, ta farko a ƙasar, wadda ta riƙa karɓar ɗalibai daga kowane sashe na Najeriya.

Abin da duba-gari yake bukatar sani ya fi yadda ake zato yawa. Sai ya san tazarar da ta kamata tsakanin rijiya da masai, da dalilin tazarar. Sai ya iya bambance tsutsar sauron da ke kawo zazzaɓin maleriya, wadda take kwanciya a saman ruwa, da ta sauron shawara, wadda take rataye kai ƙasa a tulu da tsohuwar gwangwani. Sai ya iya duban huhun saniya da hantarta a mayanka ya ce wannan nama bai halatta a kai kasuwa ba, ya kuma tsaya a kan maganarsa a gaban mahauta masu wuƙa a hannu. Sai ya karanta zanen gini ya ga ko ɗaki yana da tagar da iska za ta ratsa, ya san dokar da yake aiki da ita, ya iya rubuta rahoton da zai tsaya a kotu. Oluwole bai tsaya ga koyarwa ba. Ya yi ƙoƙari aka kafa hukumar jarrabawa ta Afirka ta Yamma a ƙarƙashin cibiyar tsafta ta Landan, ta yadda takardar da yaro ya samu a Yaba take da daraja a idon Baturen da ke shugabantarsa.

Wannan batu na takarda ba ƙaramin abu ba ne a zamanin. A Yaban nan dai gwamnati ta buɗe makarantar likitanci a 1930 wadda take ba da shaidar da ba ta aiki a wajen Najeriya, da gangan, don waɗanda suka fito su tsaya a matsayin mataimaka. Mutumin da ƙa'idar launin fata ta taɓa rufe wa ƙofa ya san abin da takarda mai rauni take yi wa mai ita. Ya kuma san cewa ma'aikacin da aka ba ikon shiga gidan mutane ba tare da ilimi ba, ɗan sanda ne kawai mara kulki.

A 1932 aka buɗe Makarantar Koyon Tsafta ta Kano, wata kuma ta biyo baya a Ibadan. A Arewa duba-gari ya yi aiki ne a ƙarƙashin En'e, yana tafe da goyon bayan hakimi da mai unguwa, abin da ya ba umarninsa nauyin da ya wuce na takarda. Kwalejojin fasahar lafiya da suke kusan kowace jiha a yau jikokin waɗannan makarantu ne, kuma ta Yaba tana nan a matsayin kwalejin fasahar lafiya ta Jihar Legas.

Kada kewar da ta sa a manta cewa ba a ƙaunar duba-gari a zamaninsa. An zarge shi da cin zarafi, an zarge shi da karɓar na-goro don ya kau da kai, kuma ba duk zargin ne ƙarya ba. Dattawan da suke yabonsa yau su ne yaran da aka riƙa aikawa su leƙo ko ya wuce. Amma ko masu ƙinsa sun yarda da abu guda: yana zuwa. Akwai ranar zuwansa, akwai littafin da yake rubutawa, akwai kuma wanda zai tambaye shi idan bai zo ba.

Yara, mata, nama da fadama

A shekarar da ya kama aiki, 1925, ya fara tsarin kula da lafiyar 'yan makaranta a Legas: a duba ginin makaranta da masanta da ruwan shanta, a duba yara ɗaya bayan ɗaya, a yi musu lambar agana. Hikimar a fili take. Makaranta ce wuri ɗaya da ake samun ɗaruruwan yara a jere ba tare da an bi gida-gida ba, kuma yaron da aka koya wa wanke hannu yakan kai darasin gida. Agana, wadda ta bar zane a fuskokin kakanninmu ta makantar da wasu, ba ta bar Najeriya ba sai a 1970, amma tabon lambar da ke damtsen duk wanda aka haifa kafin lokacin ya nuna irin haƙurin da aikin ya ci.

Ya kuma mai da hankali ga masu juna biyu da jarirai, a garin da mutuwar jariri kafin ya shekara ta zama abin da kusan kowane gida ya sani. A 1926 ɗakin shan magani na titin Massey ya koma cibiyar awon ciki da haihuwa da duba jarirai, aikin da tsohon likita Dakta Oguntola Sapara ya daɗe yana neman a yi. Aka horar da mata masu ziyarar gida, waɗanda suke bin mai jego har ɗakinta su ga yadda ake shayarwa da yadda ake kula da cibiya. Ginin na Massey shi ne asibitin yara na Legas da aka sani a yau.

Sauran ayyukan ba su da daɗin labari, ko da yake su ne ƙashin bayan aikin. Ya sa an gina sabuwar mayanka don a daina yanka a ko'ina a kuma samu wuri ɗaya da za a duba nama. Ya tsaya a kan cike fadamu da janye ruwan dausayin da ya kewaye tsibirin, inda sauro yake haihuwa, aikin da Gwamna William MacGregor, wanda shi ma likita ne, ya fara tun farkon ƙarnin. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aikin ya faɗaɗa ƙwarai, saboda zazzaɓi yana kwantar da sojojin saman Birtaniya da ke Apapa. Kuɗin da aka ce babu don lafiyar 'yan gari sai ga shi ya fito da soja ya kwanta.

Shekara 11 ya yi yana mataimaki kafin a ba shi cikakken muƙamin babban jami'in lafiya na Legas a 1936. Abokin karatunsa Vaughan ya bi wata hanyar: yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar matasan Legas a 1934, tare da Ernest Ikoli da H. O. Davies da Samuel Akisanya, ƙungiyar da ta zama ta matasan Najeriya, ta kuma share fagen siyasar neman 'yanci. Vaughan ya rasu a 1937, sunansa yana cikin littattafan tarihin da ake karantawa a sakandare. Oluwole ya zauna cikin tsarin da ya raina irinsa, ya karɓi lambar girma ta OBE a 1940, ya rasu a 1953, shekara 7 kafin a sauke tutar Birtaniya. Mai son ya zarge shi da yi wa mulkin mallaka hidima yana da abin faɗa. Sai dai ƙumar da ke jikin ɓera ba ta jira a sami 'yanci ba, kuma ma'aikatan da suka riƙe tsaftar garuruwa bayan tafiyar Turawa daga makarantar da ya assasa da ire-irenta suka fito.

Kujerar bayan mai ita

A takarda, aikin Oluwole yana nan inda ya bar shi. Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da kasuwanni, mayanka, makewayin jama'a, kwashe shara da bahaya, maƙabartu, da rajistar haihuwa da mutuwa. Wanda ya karanta jerin zai ga kamar daga teburin likitan Majalisar Garin Legas aka kwafo shi. Duba-gari ma yana nan, an dai sauya masa suna zuwa jami'in lafiyar muhalli, kuma tun 2002 akwai dokar tarayya da ta kafa majalisar da ke yi wa masu sana'ar rajista.

A aikace kuwa labarin ya sha bamban. A ƙananan hukumomi da yawa waɗanda suka yi ritaya ba a maye gurbinsu ba, 'yan kaɗan da suka rage kuma an fi ganinsu a bakin shaguna suna yankar rasit fiye da a bakin rijiya. Gwamnatin soja ta 1984 ta yi ƙoƙarin cike giɓin da ranar tsaftar muhalli, wadda ta koma sharar Asabar ɗin ƙarshen wata, amma sharar sa'o'i uku a wata ba ta duba nama, ba ta auna tazarar masai da rijiya. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya ga asusun kiwon lafiya a matakin farko, ci gaba ne na gaske, sai dai akasarin kuɗin na inshora ne da magunguna da gyaran cibiyoyi da ma'aikatansu, wato na wanda ya riga ya kamu ya zo. A 2021 an rubuta fiye da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a ƙasar nan, fiye da 3,000 suka mutu, a kan cutar da babbar hanyarta ita ce daga bahaya zuwa ruwan sha. Hukuncin Kotun Ƙoli na watan Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ya sake buɗe maganar kuɗinsu. Maganar ko akwai likita ko jami'in tsafta mai horo da iko a kowace ɗaya daga cikin 774 ɗin ba ta samu irin wannan kulawa ba, alhali masu rubuta ƙa'idojin kashe kuɗin a Abuja suke.

Legas ta sake gwada tsohuwar hanyar a 2014. Ranar 20 ga Yuli wani matafiyi daga Laberiya ya sauka a filin jirgin sama na Murtala Muhammed ɗauke da Ebola, cutar da a lokacin ba ta da magani ko rigakafin da aka amince da shi. Dakta Ameyo Adadevoh ta hana shi barin asibiti, ta kuma rasa ranta a sanadin haka. Abin da ya biyo baya aikin ƙafa ne: aka tattara sunayen mutum 894 da suka yi hulɗa da masu cutar a Legas da Fatakwal, ma'aikata suka riƙa bin su gida-gida kowace rana da ma'aunin zafin jiki har kwana 21, ziyarar da jimillarta ta kai kusan 18,500. Mutum 20 suka kamu, 8 suka mutu. Waɗanda suka kamu a Legas an killace su ne a asibitin cututtuka masu yaɗuwa da ke Yaba, kuma ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa cutar ta ƙare a Najeriya.